Sukuru Goma Sha Biyu a Ƙyauren Ɗan Gwaggo

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na ƙasar Haɗeja, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa kwana da ɗalibi a zuciyata ba. Mutum ɗaya ne na riƙe, shi ma ba a aji na haɗu da shi ba. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kafinta. Damina uku na yi ina riƙe da shi, kuma ba don in nuna nadama nake ba da labarin nan ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce me ya hana in fito in faɗa masa ya ɓata mini rai. Taubasantakar ce ta hana. Tsakanin ɗan namiji da ɗan mace ba a fushi. In ya zage ka, wasa ne. In ya cinye maka kifin da ka ajiye, wasa ne. In ka ɗaure fuska kuwa, kai ne abin dariya, a ce mutum ya yi furfura bai san wasa ba. Ni ne ɗan namiji, saboda haka a al'ada shi bawana ne. Shi kuma yakan ce bai taɓa ganin ubangidan da bai iya kafa ƙusa ba. Haka muka girma, haka muka tsufa, ni ina ce masa ɗan Gwaggo, shi yana ce mini ɗan Kawu, ko malamin alli in yana jin tsokana.

Unguwarmu a gangare take, ba nisa da jingar da ke tare kogi. Duk 'yan shekaru ruwa yakan ƙetare ta ya shigo mana. Mun san yadda ake yi. A kwashe mata da tsofaffi da hatsi zuwa makarantar firamare da ke kan tudu, a ɗaga abin da za a iya ɗagawa sama, sannan a cire ƙofofin katako a tafi da su. Ƙyauren da ya yi mako biyu a tsaye cikin ruwa yakan kumbura ya karkace, ba ya ƙara komawa mazauninsa. In kuma ya tsira daga ruwa, da wuya ya tsira daga masu zagaya gidajen da ba kowa a cikin kwalekwale.

Ni abin da nake tsoron ruwa a kansa littattafaina ne. Ba na bugawa ba, waɗannan ana saye. Ina da littattafan rubutu goma sha ɗaya da na cika da hannuna. Duk hutun makaranta nakan hau babur in bi ƙauyukan fadama, wajen Auyo da abin da ya yi gabas, in zauna da tsofaffin masunta su faɗa mini sunan kowane tafki da kowane rafi, da irin kifin da ake kamawa a ciki, da watan da yake zuwa. Da yawa daga cikin tafkunan nan ciyawar kacalla ta rufe su, tsofaffin kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Niyyata in na yi ritaya in zauna in tsara abin ya zama littafi ɗaya.

Da na yi ritayar, sai na ce kafin komai a yi wa littattafan kanta a can sama, a rataye ta a jikin katakan rufi, inda ko ruwa ya kai wuya ba zai taɓa ta ba. Wa zan kira in ba kafintan gida ba? Na sayo katako, na sayo sukuru dogaye masu kan sita, wato masu alamar gicciye a ka, na zube masa.

Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Ya ce, "Ɗan Kawu, wannan ai ƙusa ce aka sa ta makarantar boko. Ta koyo gayu, amma aikin ɗaya ne."

Na ce, "Ba ɗaya ba ne, bawa. Nauyin nan ƙasa zai riƙa ja. Murɗa su za ka yi."

Ya ce, "To, an ji. Je ka inda za ka."

Ta'aziyya nake da ita a Kaugama ranar. Na dawo bayan la'asar na same shi a kan tsani, sukundireba a hannu, yana ba sukuru na ƙarshe rabin juyi cikin natsuwa kamar likita. Na ji daɗi. Na jera littattafaina, na sa masa albarka, har na ba shi kifin da na sayo a hanya.

A wannan daminar ruwa ya zo. Muka cire ƙofofi muka koma makaranta. A kwana na tara na nemi mai kwalekwale ya kai ni in duba gida. Ruwan bai wuce ƙugu ba a ɗakina. Kantar tana ciki, a kife. Littattafan sun zama abin da ba ni da sunan da zan kira shi sai kunu. Na ɗaga ɗaya, shafukan suka zube ta tsakanin yatsuna, tawadar ta riga ta bi ruwa ta koma fadamar da aka ɗauko labarinta.

Na zare sukuru ɗaya daga jikin katakon. Kansa a baje yake, gicciyen ya kusa shafewa. Na hau kan taga na leƙa ramukan da ke jikin katakon rufi, na same su sumul, babu alamar zare ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a gaban allo ya san ma'anar wannan. Shi sukuru murɗaɗɗen zaren da ke jikinsa ne yake yanka wa kansa hanya a cikin itace ya kama. In aka buga shi da guduma, zaren yakan tsattsage itacen ya wuce, sai ya zauna a rami mai faɗi ba abin da ya riƙe. Haka kafintocinmu suke yi, kusan dukansu. Su buga shi kamar ƙusa, su bar ɗan kaɗan a waje, su murɗa wannan ɗan kaɗan ɗin a gaban mai aiki. Rabin juyin da na gani shi ne kaɗai juyin da aka yi a duk aikin.

Da ruwa ya janye, na kai sukurun majalisarmu ta gindin maina, inda muke zama bayan la'asar. Akwai limamin unguwa, da wani tsohon direba, da mai sayar da taki, da wasu uku ko huɗu. Na miƙa wa ɗan Gwaggo, na ce ya faɗa wa jama'a da me ya shigar da wannan.

Ya karɓa ya duba ya ce, "Kogi ne ya ci maka littafi, malamin alli. Je ka yi ƙararsa."

Na ce, "Ruwan bai kai kantar ba. Ita ta sauko ta same shi."

Ya ce, "To ilimin ne ya yi nauyi. Tun muna yara nake gaya maka ka rage."

Aka kwashe da dariya. Direban har da buga cinya. Liman ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ce masa na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma a cikin abin da aka ƙaddara mini har da samun taubashi mai kan jaki. Aka sake dariya, aka ɗauka na shiga wasan ke nan, magana ta wuce.

Ba ta wuce ba. Ban nemi ya biya ni komai ba, don abin da ya salwanta ba a sayar da shi a kasuwa. Jimla ɗaya nake so: ya ce da bakinsa, a gaban waɗannan mutanen da suka yi dariya, cewa da guduma ya buga su, kuma shi ya sa kantar ta faɗi. Ya faɗa ba tare da dariya ba.

Tun da ba ni da littafin da zan tsara, sai na mayar da ritayata kan nazarin sukuru. Na samu gwangwanin madara na fara tarawa. Na kwance tsohuwar rediyo, na kwance fanka, na tsinto a wajen masu gyaran babur da masu injin ban ruwa. Ashe duniya ce guda.

Akwai filat, mai tsaga ɗaya a ka. Shi ne dattijo a cikinsu. Kowa na iya buɗe shi, da wuƙa, da kwabo, da gindin cokali, shi ya sa mutanenmu suke ƙaunarsa. Amma bakin sukundireba ba ya zama a tsakiyarsa. Kana cikin matsawa sai ya zame ya karce katakon, ko ya shiga tafin hannunka. Ina da tabo biyu na shaida.

Akwai sita, wanda ya ci amanata ba da laifinsa ba. Shi yana kama bakin ƙarfen a tsakiya, amma da aiki ya yi tauri sai ya riƙa turo shi waje, in ba ka danna da ƙarfi ba kan ya cinye ya zama rami. Na kasuwarmu kuwa ƙarfensu kamar alewa yake. Na kuma gano sita iri biyu ne masu kama da juna. Ɗayan yana da 'yan layuka huɗu sirara a tsakanin hannuwan gicciyen, kuma sukundirebarsa daban ce. In ka haɗa wannan da ta wancan, duka biyun za su lalace, ka zauna kana zagin wanda ya ƙera. Ga kuma girma, akwai ƙarami da matsakaici da babba. Ɗan Gwaggo sukundirebar sita ɗaya yake da ita, bakinta ya daƙushe, da ita yake buɗe rediyo, da ita yake buɗe gwangwanin fenti, da ita yake susar baya.

Akwai mai rami kusurwa huɗu, wanda sau ɗaya na gan shi a jikin wani tsohon akwatin kayan gwaji. Shi yakan zauna a bakin ƙarfensa ko ka juya shi ƙasa, kamar ɗalibi mai tarbiyya. Akwai na alanki mai kusurwa shida, na babur da gadon ƙarfe, mai ƙarfi in babba ne, in ƙarami ne kuwa nan da nan kusurwoyin su goge. Sai kuma mai kan tauraro, ƙafa shida, wanda ban ga kamarsa ba wajen riƙo. Ba ya zamewa, ba ya turo ka waje, duk ƙarfin da ka sa cikin itacen yake tafiya.

Na koyi cewa a katako mai tauri sai ka fara huda ɗan siririn rami, ka goga wa zaren sabulu, sannan ka murɗa. Matata ta leƙo wata rana ta same ni ina goga wa ƙarfe sabulun wankinta. Ta ce, "Malam, wannan ba karatu ba ne, ƙullata ce." Na ce mata duka biyun ne, kuma ban taɓa karatun da ya shiga kaina irin wannan ba.

Da farko na bi hanyar da na sani, ta malanta. Na samu katako na shigar da sukuru biyu, ɗaya da guduma, ɗaya da murɗi. Na kai gindin maina, na ɗora a tsakanin benci biyu, na rataya wa kowanne jarkar ruwa. Na guduma ya zare nan take, jarkar ta faɗi ta jiƙa wa mai taki ƙafa. Na murɗi ya tsaya cak. Na juya na dubi ɗan Gwaggo.

Ya ce, "Jama'a, a tafa wa Malam. An kore shi daga makaranta, ya buɗe aji a gindin bishiya."

Suka tafa kuwa. A ranar na tabbatar da abin da ya kamata in sani tun ina aji, cewa hujja ba ta shiga kan wanda ya san abin tun farko. Ya san da guduma ya buga. Faɗar ce ba zai yi ba, kuma al'ada tana bayansa. Na ce to, tun da wasa kaɗai aka yarda mu yi, zan yi masa wasa.

Akwai wani tsohon ɗalibina, yanzu magidanci ne, yana sa wa mutane faranten sola. Na ga yana ɗaure su da wani irin sukuru mai kan tauraro, amma da ɗan tsinin ƙarfe a tsaye a tsakiyar tauraron. Ya ce don ɓarayi aka yi shi. Tsinin nan yana hana kowace sukundireba shiga sai tasa, mai rami a baki. Ƙarfen kuma mai tauri ne, ba irin na kasuwa ba. Na ce ya samo mini na katako dogaye daga Kano, da sukundirebarsu guda ɗaya. Ya tambaye ni me zan ɗaure. Na ce masa ban sani ba tukuna.

Wata biyar suna gwangwani. Sai a cikin rani, ranar wata Juma'a, na je gaida Gwaggo. Tana zaune a gidan ɗan nata tun rasuwar mijinta. Na same ta tana faɗa da awaki a kan kuɓewar da ta shanya. Ita Babana take ce mini, don sunan mahaifinta gare ni.

Ta ce, "Babana, dubi ƙyauren zauren nan. Ya zauna a ƙasa, ba ya rufuwa. Mai gidan kafinta ne, amma awakin unguwa sun fi ni iko da tsakar gidana. Ya tafi Kafin Hausa aikin rufi, sai bayan sati uku."

Sai in faɗi wani abu a kan ƙyauren nan. Mijin Gwaggo ne ya yi shi, shi ma kafinta ne, na da. Madaci ne, kaurinsa ya kai yatsa uku, an sassaƙa masa zane daga sama har ƙasa. Duk unguwar babu irinsa. Ɗan Gwaggo ba ya alfahari da komai kamar yadda yake yi da shi, kuma duk ambaliya shi yake fara cirewa, kafin katifarsa. Na duba hinjin, wato ƙarafan da ke riƙe da ƙyauren a jikin ƙofa. Bayan ruwan da ya wuce ya mayar da shi yadda ya saba, da guduma, ramukan sun buɗe, ƙyauren ya sunkuya.

Na ce, "Gwaggo, bar mini shi."

Kwana biyu na yi. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba. Na toshe tsofaffin ramukan da tsinken katako da gam. Na sayo hinji uku masu kauri, irin waɗanda aka daɗe sandar tsakiyarsu sama da ƙasa, don na san abin da kafinta zai fara yi shi ne ya buge sandar ta fita. Na huda, na goga sabulu, na murɗa. Ashirin da huɗu, sha biyu a jikin ƙyaure, sha biyu a jikin firam, shi kuma firam ɗin a cikin siminti yake. Kowane kai ya shige cikin ƙarfen hinjin daidai da fuskarsa, yadda zarto ba zai samu abin yankawa ba, don na san dabararsu ta biyu ita ce su tsaga kan sukuru su mayar da shi filat.

Da na gama, Gwaggo ta tura ƙyauren da yatsa ɗaya ya rufu. Ta yi ta sa mini albarka. Na ce amin. Na ji 'yar kunya, amma ba mai yawa ba, don aikin dai na kirki ne, kuma awaki ba su ƙara shiga ba.

Da ɗan Gwaggo ya dawo ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ya ce, "Wa ya taimake ka?" Na ce ba kowa. Ya kai ido kan hinjin ya ce, "Wannan furen kuma fa?" Na ce ado ne. Ya ce 'yan boko da son ado, ya shige ciki.

Daminar da ta biyo ruwa bai ƙetare jinga ba. Allah shaida ne ban roƙi ambaliya ba, ni ma gidana a gangaren yake. Amma ban yar da sukundirebar ba, kuma lokaci lokaci nakan shafa mata mai.

Sai damina ta uku. Da safe aka yi shela cewa jinga tana yoyo ta wajen gonakin shinkafa. Kafin hantsi ruwa ya kai idon sawu a lungunmu. Na kwance ƙofofina uku kafin shayi ya huce, aka ɗora a amalanke da sauran kaya. Na raka matata makaranta, na tabbatar an riga an kai Gwaggo da iyalin gidan, don ba da ita nake yi ba. Sannan na sa sukundirebar a aljihun riga, na naɗe ƙafar wando, na gangara.

Na samu ɗan Gwaggo a tsugune a bakin zaurensa, akwatin kayan aikinsa a kan turmi. Mutanen majalisa suna wajen, don layin nan ake bi da kaya. Na tsaya a kan dakali na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Ya gwada sitarsa, ta ƙi shiga. Ya gwada filat, tsinin ya tare. Ya aro alanki wajen direba, ya juya a banza. Ya sa kurfi a gefen kan sukurun ya buga, bakin kurfin ya lanƙwashe. Ya duba sandar hinjin sama da ƙasa, ya yi tsaki. Ya zura zarton ƙarfe tsakanin ƙyaure da firam, ya ja sau goma sha wani abu, zarton ya karye, ya bar ɗan karce a gefen madacin. Ya shafa wurin da yatsa. Ruwa ya fara lasar dokin ƙofa.

Sai ya ɗauki guduma. Ya ɗaga ta, zai fasa itacen da ke kewaye da hinjin. Mai taki ya ce, "Kai, aikin mahaifinka ne fa." Ya tsaya da ita a sama. Ya sauke ta a hankali.

Ya ce, "Ɗan Kawu, kawo abin."

Na ce, "Wane abin?"

"Ka san abin. Makullin furen nan naka."

"Yana nan. Amma ka riƙe mini magana ɗaya, yau damina uku."

Liman ya ce, "Malam, ruwa fa hawa yake yi."

Na ce, "Ina gani, Allah gafarta Malam. Labarin ƙasa na koyar. A yadda yake hawan nan muna da kusan awa biyu kafin ya kai gwiwa. Jimlar da nake nema ba ta kai minti ɗaya ba."

Ɗan Gwaggo ya waiwaya ya dubi jama'a yana murmushi. Ya ce, "To ku ji, ubangidana yana so in yi masa karatu. Wai ni na ce wa kogi ya zo."

Wannan karon mutum ɗaya ne ya yi dariya, shi ma bai kai ƙarshe ba. Na fito da sukundirebar na nuna masa, na mayar aljihu, na sauko daga dakalin kamar zan tafi.

Ya ce, "Tsaya mana, mugu."

Na tsaya.

Ya dubi ƙasan ƙyauren, inda ruwan ya fara canza wa itacen launi. Ya ce, "Da guduma na buga su."

Na ce, "Su wa?"

"Sukurun kantarka. Dukansu. Sauri nake yi ranar, ina da wani aikin a Auyo."

"Sai me ya faru?"

"Sai ta faɗi. Ni na sa ta faɗi. Ba kogi ba ne." Sannan ya ce, "Na kuma san abin da ke cikin littattafan nan. Ai ni na kai ka wajen biyu daga cikin tsofaffin."

Ba wanda ya yi dariya. Direban ya sunkuyar da kai yana kallon ruwa. Na ɗauka in na ji wannan maganar zuciyata za ta yi laushi, kamar yadda ake faɗa a wa'azi. Ba ta yi ba. Daɗi na ji, tsantsarsa, tun daga wuya har tafin ƙafa.

Na miƙa masa. Ya ce in kwance, tun da ni na ɗaure. Na ce a'a, shi ne kafinta. Na koma kan dakali na zauna.

Sukuru dogo da ya yi damina biyu a cikin madaci ba ya fita da lallashi. Ya sa bakin ƙarfen ya shige ƙyam, bai zame ba ko sau ɗaya, amma kowane juyi sai da ya haɗa da kafaɗa. Na farko ya fito, zarensa fes, ramin da ya bari kamar an zana. Ya dube shi ya jefa a aljihu. A na biyar gumi ya jiƙa masa riga. A na takwas tafin hannunsa ya yi bororo, ya naɗe shi da hularsa ya ci gaba. Ina ƙirga masa da ƙarfi, don kada ya manta inda aka tsaya. Liman ya ce mini ya isa haka. Na rage murya, amma ban daina ba.

Na sha biyu ya fito ruwa yana tsakiyar ƙwauri. Direba da mai taki suka tallafe ƙyauren aka kwantar da shi a kan dakali. Masu amalanke duk sun tafi, kuma kowa da kayansa a ka. Mu biyu muka rage.

Ya ce, "Kama mana, ɗan Kawu, ko shi ma sai na yi karatu?"

Na kama. Hanyar makaranta hawa ce, kuma duk wanda ya san yadda nauyi yake tafiya ya san na baya ne yake ɗaukar mafi yawa. Na shiga gaba. Muka bi lungu, ruwa yana jan wando, shi kuma yana nishi a bayana. Da muka kai inda hawan ya yi tsanani, wajen injin niƙa, ya ce in sassauta, hannunsa yana masa zafi.

Na ce na ji, na ƙara sauri kaɗan.